Tambayoyin Masu Karatu: Sake Wa Mota Fenti

Tambaya: Assalamu alaikum. Fentin motata ya koɗe, rufi da bonet sun yi fari-fari suna saɓulewa, ga kuma 'yar tsatsa a gindin ƙofofi. Na nuna wa masu fenti biyu. Ɗaya ya ce in kawo yau in ɗauka jibi, ɗayan ya ce sai na ba shi mako biyu. Mene ne ainihin aikin da ake yi, kuma wa zan bai wa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bai wa na mako biyu. Feshin launi kansa yini ɗaya ake gama shi. Abin da ke cin kwanaki shi ne shirya jikin motar, kuma wanda ya ce maka jibi, a nan zai yi maka yanke.

Farko ana wanke motar da ruwa da sabulu, sannan a goge ta da sinadarin cire maiƙo. Tsumma biyu ake riƙewa, ɗaya jiƙaƙƙe da sinadarin, ɗaya busasshe da ake bin bayansa da shi tun wurin bai bushe ba. Wannan gogewar tana zuwa ne kafin samfefa ta taɓa motar, domin idan aka fara gurza a kan maiƙo, samfefar ce za ta cusa shi cikin ƙarcen da take yi, ya fito daga baya ya ɓata fenti. Daga nan a kwance duk abin da zai kwantu: fitilu, madubai, hannun ƙofa, tambarin mota, bamba. Mai gaggawa tef yake liƙa musu ya fesa, kuma daga bakin tef ɗin nan ne fenti ke fara ɓarewa bayan 'yan watanni.

Sai a duba tsohon fentin, don shi ne zai ɗauki sabon. Inda yake da lafiya ba sai an kankare shi ba, a gurza shi da samfefa mai lamba P320 zuwa P400 (mafi girman lamba, mafi laushin samfefa) har sheƙinsa ya mutu gaba ɗaya. Duk inda ya rage yana ƙyalli, sabon fenti ba zai kama ba. Fari-farin da kake gani a rufi da bonet kuwa, hawan sama ne na fentin, wanda ake kira kiliya, rana ta cinye shi. Wannan ba ya gyaruwa, sai an gurje shi duka har a tarar da hawa mai ƙwari. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani siriri ne ƙwarai, kaurinsa duka wajen maikiron 100 zuwa 150 ne, kashi ɗaya cikin goma na milimita ke nan ko ya ɗara kaɗan. Idan an taɓa sake wa motar fenti sau biyu ko uku, kaurin ya riga ya yi yawa, gara a kankare har ƙarfe, in ba haka ba sabon zai tsattsage.

Tsatsa ba ta da magani sai cirewa. A gurje ta da inji har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli, a ƙara da santimita 2 ko 3 a kewayen wurin, saboda tana bin ƙarƙashin fenti fiye da inda ido ke gani. Inda ta huda ƙarfe a yanke wurin a yi waldar sabon falle. Lotsawa kuma aikin mai gyaran jiki ne, ya buga ta ta dawo daidai gwargwadon iko, fila, wato kwaɓin da ake shafawa ya sandare, ta cike ɗan abin da ya rage.

Ƙarfen da aka tsiraita ba a barinsa ya kwana a buɗe, a ranar ake fesa masa faraima, wato fentin share fage da ake sawa kafin launi, mai hana tsatsa, irin ta efoksi. A kanta ake ɗora faraima mai kauri, hawa biyu zuwa uku, wadda ke cike ƙarcen samfefa da ƙananan ramuka. Idan ta bushe, sai a yayyafa mata baƙin fenti sama-sama ko a shafa baƙar hoda, a naɗa samfefa a jikin katako mai faɗi a gurza. Inda baƙin ya rage, kwari ne. Inda ƙarfe ko fila ta leƙo, tudu ne. A gyara, a sake faraima, a sake gurzawa har baƙin ya tafi baki ɗaya. Wannan zagayen shi ne zuciyar aikin, shi ke sa ka hangi gefen mota ka ga haske ya miƙe sak babu igiya-igiya. Wanda ya gurza da tafin hannu babu katako, yatsunsa za su bar kwaruruka da ba a ganinsu sai fenti ya hau. Ana ƙarasa faraima da P500 a bushe, ko P800 da ruwa.

Bayan haka a rufe gilasai da tayoyi da takardar rufi ta masu fenti. Jarida ba ta yi, tana zubar da ɓurɓushi kuma tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, na ratsa ta. A sake goge maiƙo, a bi da tsumma mai danƙo da ke kwashe ƙura, sannan a fesa launi hawa biyu zuwa uku, a bi shi da kiliya hawa biyu. Idan akwai ɗakin gasa fenti, minti 30 a zafin digiri 60 na Salshiyas ya isa ga yawancin kiliya. Idan babu, a bar ta ta kwana a wurin da ba ƙura. A ƙarshe a cire 'yar ƙurar da ta faɗa da P1500 zuwa P2000, a goge da injin sheƙi, a mayar da kayan da aka kwance.

Shawararmu, ka leƙa motar ana tsakiyar aiki, lokacin da take cikin faraima. A nan ake gane aikin ƙwarai. Ranar ɗauka kowace mota kyakkyawa ce.

Tambaya: An gyara mini ƙofar da aka buga, aka yi fenti. Ko shekara ba a yi ba wurin ya tsage, wani ɓangaren ma ya ɓalle ya faɗi, ga tsatsa a ƙarƙashi. Me ya jawo?

Amsa: Hajiya, fila aka lafta maimakon a buga ƙarfen ya dawo. Fila an yi ta ne don daidaita ɗan abin da guduma ta bari, mafi kyau kada kaurinta ya wuce milimita 3. Ƙofa kullum cikin jijjiga take, ƙarfe kuma yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi. Fila mai kauri ba ta iya bin wannan motsin, sai ta tsage, ruwa ya shiga.

Tsatsar da kika gani tana nuna ɗayan abu biyu. Ko dai an shafa filar a kan tsatsar da ba a gama cirewa ba, ko kuma an gurza ta da ruwa. Fila tana shan ruwa tana riƙe shi a jikin ƙarfe, shi ya sa a bushe kaɗai ake gurza ta, a fara da P80 don fitar da siffa, a ƙarasa da P180.

Haɗin ma yana da ƙa'ida. A kowane giram 100 na fila ana sa wajen giram 2 na hadina, wato man da ke sa ta sandare. Idan ya yi kaɗan, ba za ta bushe har ciki ba, za ta riƙa toshe samfefa. Idan ya yi yawa, sai ya huda faraima ya fito a matsayin tabo a saman fenti, musamman a farar mota. A kan faranti mai santsi ake haɗawa da shafawa da ninkewa, ba a kan kwali ba, kuma ba a juya ta da sauri, don juyawa na cusa iska, iskar ta zama ƙananan huji. Minti 4 zuwa 5 kawai mai aiki yake da shi kafin ta fara kamewa, bayan minti 20 zuwa 30 a gurza. Shafin farko a danna shi sosai ya shiga ƙarcen ƙarfe.

Gyaran naki shi ne a cire filar duka a koma kan ƙarfe, faci a kan faci ba zai riƙe ba. Idan kina son sanin inda aka cika fila a jikin kowace mota mai jikin ƙarfe, ki naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ki bi jikinta da shi. Inda ya ƙi kamawa, akwai kauri a wurin.

Tambaya: Ni ɗan koyo ne, maigidana ya fara ba ni bindigar feshi. Ina roƙon ƙarin bayani a kan haɗa fenti da saita bindiga, don da ido nake ganin ana aunawa.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Ka daina awo da ido tun yanzu, ka nemi kofin awo mai zane-zanen ma'auni a jikinsa. Fentin da aka rubuta wa 2K ba iska kaɗai ke busar da shi ba, hadina ce ke haɗuwa da shi ya sandare, saboda haka adadinta ba abin kintace ba ne. Faraima mai kauri galibi kashi 4 ne da kashi 1 na hadina. Kiliya galibi kashi 2 da kashi 1, wani lokaci da tina da ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. Launin da ake bi da kiliya tina kaɗai yake buƙata, wani kashi 1 da 1, wani 2 da 1. Mun ce galibi domin kowane kamfani da nasa, abin da ke rubuce a jikin gwangwani ko takardar bayaninsa shi ne hukunci. Kada ka haɗa kiliyar wani kamfani da hadinar wani. Kada kuma ka ƙara hadina don ya bushe da wuri, fentin zai yi gautsi ne ya dushe. Da zarar ka zuba hadina lokaci ya fara tafiya, cikin 'yan sa'o'i abin da ke kofin zai daskare, don haka ka haɗa iya wanda za ka fesa, ka tace shi kafin ya shiga bindiga.

Hadina da tina suna zuwa iri uku, mai saurin bushewa, matsakaiciya, da mai jinkiri. An tsara matsakaiciya ne a kan zafin digiri 20 zuwa 25. Idan zafi ya kai digiri 30, ko za ka fesa mota sukutum, mai jinkiri za ka ɗauka, in ba haka ba fentin zai fara bushewa tun yana iska.

Bakin bindiga na faraima mai kauri milimita 1.6 zuwa 1.8 ne, na launi da kiliya 1.3 zuwa 1.4. Bindiga irin ta HVLP, mai feshi da iska mai yawa a ƙaramin ƙarfi, tana son ƙarfin iska wajen bar 2 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne) a mashigarta, kuma ana karanta ma'aunin ne an danne kunama iska na fita. Abin da masu koyo ba su cika lura da shi ba shi ne yawan iska. Irin wannan bindiga tana shan lita 300 zuwa 400 a minti ɗaya. Ƙaramin kwamfiresa zai fara da ƙarfi, kafin ka gama rufi iska ta ragu, feshin ya canja a tsakiyar aiki. Ka zubar da ruwan da ke taruwa a gindin tankin kullum, ka sa matatar ruwa da mai a kan tiyo.

Kafin ka nufi mota ka gwada a takarda, feshin ya fito doguwar siffa mai cika ɗaya daga sama har ƙasa. Ka riƙe bindiga santimita 15 zuwa 20 daga jikin motar, tana fuskantarsa kai tsaye, ka tafi da dukkan hannunka. Idan wuyan hannu kake karkatawa, tsakiya zai jiƙe, gefe ya bushe. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Ka danna kunama kafin ka shiga fallen, ka saki bayan ka fita. Daga rufi ake farawa a sauko. Tsakanin hawa da hawa ka bar launi ya sha iska minti 10 zuwa 15 har ya dushe, kiliya kuma minti 5 zuwa 10.

Tambaya: Na fesa bonet, maimakon ya kwanta sumul sai ya yi gurji-gurji, wani wurin ya zubo, wani wurin kuma ƙananan ramuka suka buɗe ina cikin feshi. Fentin ne marar kyau?

Amsa: Da wuya laifin fentin ne, Malam, kuma matsala uku ka lissafa, kowacce da sanadinta.

Gurji-gurjin nan mai kama da ɓawon lemo yana nufin fentin ya sauka bai samu damar kwanciya ba. Ko ya yi kauri, ko iska ta yi ƙasa ba ta farfasa shi da kyau ba, ko ka yi nisa da bindiga, ko tinar ta yi saurin bushewa ga zafin ranar. Zubowa kishiyarsa ce: ka matso da yawa, ko ka yi nawa, ko ka ɗora hawa na biyu na farko bai sha iska ba. Ganin su biyun a bonet ɗaya yana nuna hannunka bai daidaita ba tukuna, nisa da sauri suna canjawa. Dukansu suna gyaruwa. Kada ka taɓa su suna ɗanye. Ka bari ya sandare, ka gurza da P1500 a jikin ɗan katako da ruwa, ka bi da P2000, ka goge. Ka yi hattara a gefuna da kusurwoyi, nan kiliya ta fi siranta, nan da nan ake huda ta.

Ramukan da ke buɗewa ana cikin feshi su ne suka fi ba da wahala, domin maiƙo ne ko silikon a jikin fallen, fenti yana gudunsa. Yana fitowa daga man sheƙin da ake fesa wa dashbod da tayoyi, daga man kwamfiresa da ya biyo tiyo, daga hayaƙin injin dizal da ke aiki kusa, har daga tafin hannu. Ƙara fenti a kai ba ya rufe su. Ka tsaya, ya bushe, ka gurje wurin, ka goge maiƙo sau biyu, ka nemo inda abin ya fito kafin ka sake.

Akwai wasu da ba ka ambata ba amma za ka haɗu da su. Idan ƙananan huji suka fito bayan fenti ya fara bushewa, tina ce aka kulle a ƙasa saboda hawa mai kauri ko rashin jira, ta fasa sama ta fita. Idan tsohon fenti ya yamutse da zarar sabo ya hau shi, tinar sabon ce ta narkar da shi. Ana gane wannan tun farko: jiƙa tsumma da tina ka ɗora a wani lungu na minti ɗaya ko biyu, idan fentin ya yi laushi ko ya biyo tsumman, sai an kankare shi ko an rufe shi da faraimar da ke raba tsakani. Idan kuma bororo ya taso bayan watanni, ruwa ne aka rufe a ƙarƙashi, ko daga tiyo, ko daga gurzar ruwa da ba ta bushe ba.

Tambaya: Ƙofa ɗaya aka yi wa fenti, amma da rana sai ka ga ta fita daban da sauran motar, alhali mai fentin ya ce lambar launin ya bi.

Amsa: Zai yiwu gaskiya ya faɗa. Lambar launi tana kan wani ɗan faranti ko takarda a jikin ginshiƙin ƙofa, ko ƙarƙashin bonet, ko cikin but, amma lamba ɗaya kan zo da 'yan bambance-bambance tun daga kamfani, ga kuma shekarun da rana ta yi tana cin na motar. Abin da ya kamata shi ne a fesa gwaji a kan ɗan falle, a sa masa kiliya, a kara shi da jikin motar a hasken rana kafin a taɓa ƙofar. Launi mai ƙyalƙyalin ƙarfe, musamman ruwan azurfa, ya fi kowanne gardama, don yadda ƙwayoyin alminiyon da ke cikinsa suka kwanta shi ke sa ya yi haske ko duhu. Feshi jiƙaƙƙe yana duhunta shi, busasshe yana haskaka shi. Saboda haka ba a tsayar da sabon launi a bakin ƙofa. Ana shigar da shi kaɗan-kaɗan cikin fallen da ke gaba da na baya har ya ɓace, sannan a rufe su duka da kiliya.

Tambaya: Lita nawa mota ke ci? Ina kuma son canja mata launi.

Amsa: Matsakaiciyar mota, idan waje kaɗai za a fesa, tana cin wajen lita 3 zuwa 4 na launi bayan an haɗa shi da tina, kiliya ma kusan haka. Ja da rawaya ba su cika rufewa da wuri ba, sun fi ci, kuma launin faraimar da ke ƙasa yana shafar yadda za su fito. Canja launi kuwa ƙarin aiki ne babba, don sai an fesa bakin ƙofofi, cikin but da ƙarƙashin bonet, in ba haka ba duk buɗe ƙofa tsohon launi zai bayyana. A ƙasashe da yawa launin mota yana cikin takardunta, ka sanar da hukumar rajista a gyara.

Tambaya: Mijina mai fenti ne. Kwanan nan idan ya yi feshi da rana, da dare sai ƙirjinsa ya riƙe, yana tari yana numfashi da ƙyar. Takunkumin ƙyalle yake sawa. Fentin ne?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ba abin jinkiri ba ne. Ya dakatar da feshi ya ga likita, kuma ya faɗa masa irin aikin da yake yi. Hadinar fentin 2K tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata ciwon asma, kuma alamunsa kan taso ne sa'o'i bayan an tashi daga aiki, kamar yadda kika bayyana. Mugun abin shi ne, idan jiki ya riga ya ƙi sinadarin, ko ɗan kaɗan ya shaƙa ciwon zai tashi, wasu dole su bar sana'ar.

Takunkumin ƙyalle ko na ƙura ba ya tare shi ko kaɗan. Kariya ta gaskiya ita ce takunkumin da ke rufe fuska duka, wanda ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo, tare da ɗakin feshi mai fankar da ke zuƙe hazon ta fitar. Kada a ɗaga takunkumin da zarar an saki kunama don duba aiki, hazon da ido ba ya gani yana nan a iska na wasu mintoci. A rufe jiki, a sa safar hannu ta roba, a daina wanke hannu da tina, don fata na shanye ta. Ƙurar gurza ma tana son nata takunkumin. Sannan tururin tina yana kama wuta, babu sigari, babu walda, babu injin gurza mai tartsatsi a inda ake feshi.

Tambaya: Yaushe zan fara wanke mota bayan sabon fenti?

Amsa: Bayan mako guda kana iya wanke ta da hannu, da ruwa mai yawa da tsumma mai laushi, a inuwa. Fentin ya bushe a taɓawa, amma tina na ci gaba da fita daga cikinsa har makonni, don haka kada ka shafa man sheƙi mai toshe fenti sai bayan wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon abin da kamfanin fentin ya ce. A wannan tsakanin ka guji injin wanki mai burushi, kada ka lulluɓe ta da tamfol ko leda, za su yi mata shaida. Kashin tsuntsu, ɗigon fetur da danƙon itace kuwa, ka wanke su da ruwa da zarar ka gani, kada ka kankare da farce ko busasshen tsumma.